Malamin da Ya Sa Aka Haƙe Hanyar Kusumpatti

Mutanen Kusumpatti kashi biyu ne. Gabas da tafki masaƙa ne Musulmi, yamma da shi manoma da masunta mabiya Hindu. Kasuwarsu ɗaya, makarantarsu ɗaya, kifin da suke ci ma na ruwa ɗaya ne. Ba su rasa malamai ba, ba su rasa masu baki ba. Mai kunne ne ya yi musu ƙaranci.

Shekara talatin da takwas Pandit Dinabandu Jha, wani malami mabiyin Hindu, yana cike wannan gurbi, ga shi wata mai kamawa zai ajiye alli. Kullum kafin rana ta fito ya yi wanka a tafki, ya ɗiga sandal a goshi, ya karya da bugaggiyar shinkafa da kindirmo, sannan ya hau tsohon kekensa zuwa makarantarmu. Sanskrit yake koyarwa, wato harshen tsoffin littattafan Hindu, da kuma mantiƙi. Dokar ajinsa guda ce, ta malaman da ya gada: ba ka da izinin rushe maganar wani sai ka fara faɗinta da bakinka, ka gyara ta, ka ƙarfafa ta, har mai ita ya ce, "Haka nake nufi." Yara ba sa ƙaunar dokar nan. Shi kuwa yakan ce in don a kayar da mutum ake karatu, to 'yan kokawa sun fi mu iyawa. Ana karatu ne don a ga abu yadda yake.

Bana dokar ta fita daga aji. Duk ranar Ashura masaƙa kan ɗauki taziya, wato doguwar hasumiya ta gora da takarda, a kafaɗa zuwa maƙabarta, kuma ba a sunkuyar da ita. Hanyar ta bi ta ƙarƙashin fifal, tsohuwar ceɗiyar da mutanen yamma suke ɗaura wa zare don ibada, wadda ba a sa wa ƙarfe. Shekara da shekaru taziya tana wucewa ƙarƙashin babban reshe lafiya lau. Saura kwana huɗu aka gwada da sanda, aka ga ba za ta wuce ba.

Gabas suka ce a sare reshe. Yamma suka ce da gangan aka ƙara wa taziya tsawo don neman magana. Samari suka fara tara kulake.

Shamsul Ansari shi ke haɗa taziya, shi ke riƙe ta a gaba. 'Yarsa Ruksana, mai shekara goma sha biyu, tana ajin Pandit. Ranar ta zauna ba ta buɗe littafi ba. Da ya tambaye ta, sai ta ce ta ji mata suna cewa na gaba shi kulkin farko ke samu.

Pandit bai yi mata alkawarin komai ba. Da aka tashi ya kira Shamsul da Baidyanat Mandal, babban masunta, zuwa rumfar shayin tsohuwa Kausalya da ke gindin itacen. Mutane suka taru. Ya gaya musu dokar.

"Haba Pandit-ji, da furfurata za ka mayar da ni aji?" in ji Baidyanat.

"Ai ba ka gama shi ba. Ta taga ka fice, ina nan ina jiranka."

Aka yi dariya, ko da yake ta ciki na ciki. Baidyanat ya fara, ya ce masaƙa so suke su nuna su ne da gari. Shamsul ya ce ko kusa. Ya sake, Shamsul ya girgiza kai, ya ce mai kamun kifi dai sai kifi. Pandit ya ƙara wa kowa shayi, ya bar Baidyanat ya yi tambayoyi. A karo na huɗu muryar Baidyanat ta sauka.

"Taziyarku alamar kabarin jikan Manzonku ce, wanda ya ƙi sunkuya wa azzalumi. Shi ya sa ba ta sunkuyawa. Reshen bai dame ku ba."

Shamsul ya ajiye kofinsa. "Haka nake nufi."

Da aka zo kansa, shi ma sai da ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya ce itacen nan a wurinsu kamar tsoho ne a gida, kuma ba a yanke wa tsoho hannu don baƙo ya wuce. Baidyanat ya amsa. Daga nan Shamsul ya rantse da ma'aunin ubansa ya auna gorar, Baidyanat ya rantse reshen yana inda yake. Pandit ya ce in duka biyun gaskiya ne, to wani abu na uku ne ya motsa.

Nan Kausalya ta ajiye buta. "Tun da aka zuba tsakuwa a hanyar nan bayan ambaliyar bara, ruwa daga titi yake gangarowa rumfata. Wa ya tambaye ni?"

Ashe hanya ce ta ɗaga. Kwana biyu gabas da yamma suna haƙa, inda aka tarar da saiwa kuwa masaƙa suka ajiye diga suka sa hannu. Ranar Ashura taziya ta wuce a miƙe, ko ganye ba ta taɓa ba. 'Yan sandan da aka turo suka sha shayi suka koma. Mu da muka tsaya a bakin hanya sai a lokacin muka san ashe numfashi muke riƙe da shi.

Pandit-ji, kai ne ka karanta littattafan da yawancinmu ko sunansu ba mu iya faɗa, ba ka taɓa dukan kowa da su ba. Kai ne mai haƙurin jiran karo na huɗu. Ba ka bar addininka ba, ba ka nemi Shamsul ya bar nasa ba. Mun gode, madalla da kai. Ku kuma malamai 'yan'uwana, wannan doka ba ta bukatar allo ko izinin hukuma. Ku gwada ta gobe a kan yara biyu masu faɗa.

Washegarin Ashura Ruksana ta dawo aji. Pandit ya tambaye ta wa ya yi nasara, gabas ko yamma. Ta ce ba ta sani ba. Abin da ta gane shi ne babanta ya dawo gida da ƙafafunsa saboda wanda zai doke shi ya zauna ya koyi maganarsa.