Awon Hannu da Yumɓu

Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Gidan Rumji, kafaɗata ta hagu ta tashi daga aiki. Mai ɗori ya yi nasa, likita ya yi nasa, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya ƙi ɗaguwa sama da ƙirji. Ga manomi mai 'ya'ya wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Sai dai ni ne sarkin bindigar garinmu, can gefen Sae Sabuwa, sarautar da na gada daga mahaifinmu. Mu ke buga albarushi idan an ga wata ko alhazai sun sauka, mu ake kira idan dila ta addabi awaki. Doguwar adaka kuwa hannu biyu take so.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, bai ko jira an kwance mini karan ɗori ba. Ya bi dattawa gida gida yana cewa mai hannu guda ba ya riƙe sarautar bindiga. Dattawan suka yanke cewa idan an gama ɗaurin gero za a rataye goruna a aduwar bayan gari, uku nawa uku nasa, wanda ya fi fasawa shi ke da sarauta. Na ce na yarda, amma a raina na rantse ko da haƙori zan ja kunama, yaron da na goya ba zai karɓe ta daga hannuna ba.

Sai neman gajerar bindiga, wadda hannu ɗaya zai iya da ita. Akwai na araha da ake shigowa da su daga kudu, amma waɗannan na mai harbi sau biyu a shekara ne. Ni kullum zan yi harbi har wata huɗu, kuma na taɓa ganin yadda bututun araha ke tsagewa a hannun mutum idan ya sha wuta. Maƙeri ɗaya ne na sani mai aikin da zai jure, wani tsoho a wani ƙauye kusa da Gangara. Bututu da kunama yana da su a shirye, ka zaɓa, ƙota kuma ya sassaƙa maka daidai hannunka. Kuɗinsa ba na wasa ba ne, sai da na sayar da bijimi.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ni da tsohon ba ma shiri. Da daɗewa, a tsakiyar kasuwa, na taɓa cewa bindigoginsa na korar tsuntsaye ne. Ƙuruciya ce da jin kai, amma maƙera ba sa mantuwa.

Na same shi zaune gaban uwar maƙera. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Sarkin bindiga da kansa," ya ce. "Tsuntsaye sun dame ka ne?"

"Aiki na kawo maka, Baba. In ba ka so, in tahi."

"Tahi mana. Ga hanya nan."

Ban tafi ba, shi ma ya san ba inda za ni. Ya shiga ɗaki ya fito da bindigogi uku da ba a sa wa ƙota ba ya jera bisa buzu. Ɗaya an yi mata zanen tagulla tana ta ƙyalli, ɗaya siririya mara nauyi, ta ukun baƙa ce mai kauri, ba kyan gani. Hannuna ya nufi mai tagulla.

"Wagga ta masu zuwa biki ce," in ji shi. "A rataya, mata su gani. Kai da za ka kwana kana harbi kana kuskure, ɗauki baƙar."

Maganar ta sosa ni, amma gaskiya ce, na ɗauki baƙar. A wannan zaɓin ban yi kuskure ba. Kuskuren yana gaba.

Tsohon ba ya awon hannu da zare ko da kara. Yumɓu yake cuɗawa ya mulmula, ya sa maka a tafi, ka miƙe hannu kamar kana auna abu, ka riƙe yadda za ka riƙe bindiga. Ya shanya yumɓun, sannan ya bi sawun yatsunka ya sassaƙa itacen. Abin da ka ba shi, shi zai mayar maka.

Ya sa mini yumɓun, mai sanyi. Ina miƙa hannu ya ce, kamar da zuga-zuginsa yake magana, "An ce ƙanenka ya fi ka ido. Tun kana da hannu biyu ma."

Na damƙe.

"Sassauta," ya ce.

Na ƙara damƙewa.

"Na ce ka sassauta. Ba wuyan wani ne a hannunka ba."

"Yi aikinka, Baba. Hannuna ne, na san yadda nike riƙo."

Ya sake faɗa sau na uku, ni kuwa sai da yumɓun ya ɓullo ta tsakanin yatsuna. Ya karɓa, ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Haka kake so?" Na ce haka nake so. Ya ɗora shi bisa katanga.

Bayan mako biyu na karɓo bindigar. Ƙotar kirya ce, ta sha mai, aikin ba inda za ka kushe. Amma siririya ce kamar ƙafar akuya, ga ramukan yatsu masu zurfi. Kowace safiya, kafin in shiga gona, ina gangarawa kwarin bayan gari da tsofaffin goruna. Bututun bai taɓa ba ni kunya ba, ko ya yi zafi yana nan yadda yake. Ƙotar ce ta ƙi ni. Idan na riƙe ta da kwanciyar hankali sai ta yi ta rawa a tafina, harbi ya bi ta gefe. Idan na matse da gangan, kafin in auna hannu ya gaji ya fara makyarkyata. Na naɗa mata tsumma, ramukan suka ɓace, abin ya ƙara lalacewa. Na ƙona albarushi har 'yan gari suka daina waiwayowa idan sun ji ƙara.

Uwargida ta ce, "Malam, ka koma ya sake maka awo mana, tunda itace ne kawai." Na ce ko me zai faru tsohon nan ba zai sake ganin ƙafata ba. Na san abin da zai ce, kuma na san da gaskiyarsa, shi ya sa na ƙi.

Sau ɗaya na fasa goruna biyu a jere. Ranar na ji labarin ƙanena har ya kai wa tela shadda, ta ranar naɗi. Ban tsaya tunanin abin da ya haɗa labarin da harbin ba, na ɗauka hannu ne ya fara faɗawa. Washegari na koma gidan jiya.

Aka ɗaure gero, rana ta zo. Da hantsi gari ya taru gindin aduwa. Ƙanena ya fara, da doguwar adakar mahaifinmu, ya fasa biyu ya kuskure ɗaya. Da na fito, hannun hagu yana lilo, ya matso ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Yaya, in tallabe maka hannun ne?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa haushinsa ya rufe ni. Na ɗaga bindigar, sai na ji kowane yatsa ya faɗa raminsa, ƙotar ta zauna daram kamar da ita aka haife ni. Hannun ko motsi. Na fasa na farko. Na ɗura, na fasa na biyu. Na uku ya tarwatse har igiyar ta tsinke. Mata suka rangaɗa guɗa, dattawa suka ce sarauta ta zauna inda take.

Ana cikin yi mini barka na ji an taɓa mini kafaɗar da ta mutu. Tsohon maƙerin ne. Ashe tun daga Gangara ya biyo motar kasuwa don ya ga aikinsa. Bai yi mini barka ba. Ya duƙo kusa da kunnena.

"Yau ta zauna maka," ya ce. "Kan wa ka gani jikin goran?"

Bai jira amsa ba, ya ja sandarsa ya wuce. Na waiwaya na ga ƙanena tsaye shi kaɗai yana goge adakar mahaifinmu da gefen rigarsa. Kansa na gani, duk sau ukun. Kan da na sha aske wa da hannuna yana ƙarami. Na zauna nan ƙasa, mutane suka ɗauka gajiya ce.

Sarautar tana hannuna har yau, amma ranar salla ɗana ke buga albarushi a madadina. Bindigar tana rataye a ɗaki, ina shafa mata mai, ban sake ɗura ta ba. Tsohon kuwa ko a kasuwa muka haɗu ba na gaishe shi, kuma ba zan gaishe shi ba. Yana iya murƙushe yumɓun nan ya cuɗa wani, bai yi ba. Ya sassaƙa mini abin da na ba shi, sannan ya biya kuɗin mota ya zo kallo.