Sarkin Karkemish na Cheetham Hill

Duk Bahaushen da ya zauna a Manchester a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe laburare ana sallamar ma'aikata, ya san Malam Jumare. In ma bai san shi ba, to ya san Karkemish, don ba wanda ya taɓa haɗa kujerar bas da shi ya sauka bai ji sunan ba.

Mutumin Funtuwa ne, malamin tarihi a wata jami'a can gida, ya samu tallafin karatu ya zo yin digiri na uku. 'Yan'uwansa ɗalibai suna fama da injiniya da likitanci, shi kuwa ya tsallake duk masu rai ya je ya rungumi Karkemish ɗin nan, wani tsohon gari da ya zama kufai a bakin kogin Furatu. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar Jumare ita ce bai iya barin karatu a kan tebur ba. Daga ɗakinsa da ke saman wani siton jakunkuna a Cheetham Hill yake saukowa da shi, ya shafa wa duk wanda ya tarar.

Labarin kuwa ɗaya ne, har yara sun haddace. Babban Sarkin Hittiyawa na birnin Hattusa ya ci Karkemish da yaƙi, ya ɗora ɗansa a kai. Daga nan sarakunan Karkemish suka zama na ƙasa, ana ba su umarni suna bi. Manyan sarakuna kaɗai ke kiran juna "ɗan'uwana", na ƙasa sai dai ya ce ubangida. Da Hattusa ta rushe, sai zuriyar wani sarkin Karkemish, Kuzi-Teshub, suka wayi gari da sunan Babban Sarki. In Jumare ya zo nan sai ya gyara hula, ya dubi sama, kai ka ce kakansa ne.

To, a Aston ta Birmingham akwai wani dattijo, Baba Sanda, wanda ya zo karatu tun Jumare yana wasan ƙasa, ya zauna ya yi iyali. Shi ke raɗa suna, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke tarbar baƙo a filin jirgi. Kowace Sallah mutanen Manchester sukan ɗauki hayar doguwar mota, mata su cika kuloli da masa da miyar taushe da dambun nama, a tafi Aston. Can akwai wani zauren taro na council, wato hukumar gari, da ake ara musu. A ci a sha, a durƙusa a gaida Baba Sanda, a dawo. Ba wanda ya taɓa tilasta wa kowa. Kewar gida ce kawai ta sa mutane suke neman tsohon da za su durƙusa wa.

Jumare ma yana zuwa, kuma ba wanda ya kai shi cin masa. Amma a hanyar dawowa sai ya share maiƙo daga bakinsa ya ce, "Kun san abin nan da muka yi caffa ce? Exactly tsarin Karkemish. Mu ne vassal, na ƙasa, su ne Hattusa."

Abin da ke kai shi kuwa kowa ya sani. Raki ce, 'yar autar Baba Sanda, nas a wani asibiti, haifaffiyar Aston mai Hausa da ɗanɗanon Turancin Birmingham. Ita kaɗai ce a ƙasar nan ta taɓa jin labarin Kuzi-Teshub har ƙarshe ba ta yi hamma ba, har da tambaya. Jumare yana sonta da gaske, wannan ba za a hana shi ba, ita ma tana sonsa. Magana ta yi nisa, saura Baba Sanda ya ce a turo magabata, kuma tsohon ya riga ya ce a bari sai bayan Babbar Sallah. Abin da ya rage wa Jumare shi ne ya hau mota, ya ci masa, ya durƙusa, ya kama bakinsa.

Ana cikin haka council ta rufe zauren Aston, kamar yadda take rufe sauran. Kowa ya ji ba daɗi. Jumare kuwa har tsalle ya yi.

"Hattusa ta faɗi!" in ji shi.

A lokacin shi ne shugaban zumuntar Manchester, muƙamin da ya samu don kowa ya ƙi. Ya kira taro a falon Hajiya Hajo a Moss Side, matar da ke jagorantar girkin Sallah. Ya yi bayani mai tsawo cewa in cibiya ta rushe, reshe mai ƙarfi ke gadar ta. Abokinsa Nuru, ɗalibin lissafi, ya ja shi gefe.

"Malam, hall aka rufe fa, ba Baba Sanda ne ya mutu ba. Kuma surukinka ne in Allah ya yarda. Just leave it."

"Kai ba ka san tarihi ba," in ji Jumare.

Ana haka wayarsa ta yi ƙara. Baba Sanda ne. Mai hankali zai fita waje, ya rage murya. Jumare ya danna sifika ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, don tarihi yana bukatar shaidu.

"Jumare, ɗana," in ji tsohon, "ka gaya wa mutanenka bana a gidana za a yi. Akwai garden, in ruwa ya sauko mu matsu a falo."

Jumare ya gyara murya. "Ɗan'uwana Sanda," ya ce, "bana Manchester za ta yi Sallarta a gida. In Birmingham tana so, ƙofa a buɗe take."

Hajiya Hajo ta dafe ƙirji tana salati. Nuru ya sunkuyar da kai. 

"To madalla, ɗan'uwa," in ji Baba Sanda. "Allah ya sa a yi lafiya."

Ranar Sallah Babban Sarki Jumare ya sha babbar riga, ya yi shimfiɗa, ya dafa shinkafa tukunya guda. Talakawansa kuwa tun da safe suka bi jirgin ƙasa da ƙananan motoci zuwa Aston, kuloli a cinya. Baƙonsa ɗaya, Bartholomew, maƙwabcinsa mutumin Jos, wanda tausayi ya kawo. Ya ci, ya yi barka da Sallah, ya gudu kafin labari ya kai Hattusa.

Raki ta daina ɗaukar waya. A nan ne fa Jumare ya ji abin da littafi bai gaya masa ba, ya rame, ko karatun ya kasa. Da abin ya ishe shi sai ya hau bas shi kaɗai zuwa Birmingham, yana ta bitar ban haƙuri a hanya.

Yana shiga falon ya tuɓe takalmi zai zube ƙasa. Baba Sanda ya yi wuf ya tare shi.

"A'a, a'a, haba! Ina ni ina barin ɗan'uwana a ƙasa?" Ya zaunar da shi a kujerar da ke dab da tasa, ya miƙa masa hannu aka yi musabaha kamar sa'o'i. Ya tambaye shi mutanen Manchester da yadda mulki yake tafiya. Duk lokacin da Jumare ya buɗe baki ya ce "Baba", sai tsohon ya kawo wata gaisuwar.

Can labule ya motsa. Raki ce, da tiren shayi, ta lulluɓe har goshi. Jumare ya gyara zama. Ta ajiye tiren, ta durƙusa a gabansa gwiwa biyu, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Tunda ɗan'uwan Babana ne kai," ta ce, "barka da zuwa, Baffa. Ya su Manchester?"