Fim ɗin da Yaya Illa ya bari cikin aparai

Shekara shida ke nan da anka kashe yayana Illa bisa hanyar Keita, ina kwance kusa da shi. Har yau in mota ta rage gudu tsakanin duwatsu, bakina bushewa yake yi. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka jaruma ce ke rubutu.

Illa mai hoto ne. Daga Madawa zuwa Buza, Karofane har Tama, da wuya ka shiga gidan da babu aikinsa a bango. Aparai ɗinsa, wato na'urar hoton, baƙa ce mai nauyi, irin wadda ake cire wa ido a sa wani. Akwai ɗan madubi cikinta, in ka danna sai ya ɗaga, ƙas! Ba ya barin kowa ya taɓa ta, shi ya sa bai da hoton kansa sai na katin shaida.

Ran nan a tasha ya rataya mini ita a wuya. Ya ce, "Auta, hannun hagu ƙarƙashin ido, ba tulu kika ɗauka ba. Manne gwiwar hannu ga haƙarƙari. Juya zoben har ki ga gashin bakina sarai." Na ce, "Wane gashin baki, Yaya? Tsinke ukun nan?" Yana dariya na danna.

Da hantsi mutane sunka fito daga bayan duwatsu da bindigogi, ko fuska ba su rufe ba. Na ji ƙas, ƙas kusa da kunnena, Illa na ɗaukar hotonsu kafin mota ta tsaya, sannan ya tura aparai cikin zanena. Anka kwantar da mu rubda ciki. Ɗayansu ya hango walƙiyar gilashi tun daga nesa, ya zo ya harbe shi ba tambaya. Sunka kwashe kaya, har da katin nasa.

Fim ɗin yana ciki shekara shida. Fuskar yayana guda ɗaya tak a duniya tana kwance jere da ta waɗanda sunka kashe shi. In na kai shi wankin hoto Madawa, mai wanki zai gani kafin ni, kafin la'asar gari ya ɗauka. Na kuwa ga ɗayansu kasuwar Buza yana taya rago, ana ce masa ranka ya daɗe. Kawu kullum maganarsa guda: "Haƙuri, ɗiyata, an yi sulhu, a bar tone-tone." Wa ya tambaye ni ran da anka yi sulhun? Wata rana Kawu ya sa farce zai buɗe bayan aparai, haske ya ƙone kome kowa ya huta. Na cije shi, kuma ban ba da haƙuri ba. Wanda bai ji zafin wuta ba shi ke cewa a bari ta huce.

Watan jiya wani bature baƙo ya zo asibitin mishan inda nake aiki, da sabuwar aparai. Siffarsu ɗaya da ta Illa, amma babu fim, hoton ke fitowa nan take bisa ɗan gilashi a baya. Ya ɗauki wata tsohuwa makiyayiya kan gadon jinya ba ko sallama, ya duba, ya yamutse fuska, ya danna wani maɓalli, ta ɓace. Mi Illa zai ce? Shi da ba ya dannawa sai mutum ya gyara hula ya ce to. Na san zai yi tsaki. Ni kuwa kishi ya kama ni, don da irinta ce da na ga dariyarsa tun a tasha. Baturen nan ne kuma ya gaya mini zafi na cin fim in ya daɗe ajiye. Ashe tsorona yana yi musu aikin da Kawu ya kasa.

Na naɗe fim ɗin yadda na saba ganin Illa na yi, na damƙa shi ga wata da na amince da ita, ta kai shi wanki can wani gari. Kafin jaridar ga da nake rubutu cikinta ta iso Madawa, fim ɗin ya yi nisa. Watakila babu abin da zai fito sai duhu. Watakila gani ya kori ji. Hotunan Illa na bango suna koɗewa, wasu ma sun manta wa ya ɗauka, abin da ya rage mini shi ne wanga fim. Allah shi jiƙan ka, Yaya. Ku kuma da kunka san fuskarku na ciki, ku ɗanɗana jiran ku ji.