Taken Haliru

Ɗalha Makaɗi mutumin Dangamaji ne, kuma ya haura shekara arba'in yana rataye da gangar noma. Daga Jega har ƙauyukan Aliero da Maiyama, in aka kira gayya ba a ga Ɗalha ba, sai samari su yi ta jan ƙafa kamar marasa lafiya. Ni Bala, maƙwabcinsa ɗan kabu-kabu, ni nake goya shi da gangarsa tun da gwiwoyinsa suka ƙi tafiyar ƙasa. Don haka abin da zan faɗa ganau ne ni.

Duk manomin kirki yana da takensa a hannun Ɗalha, wato ɗan kiɗan da in aka buga, mai shi ya san da shi ake. Ko tuwo yake ci zai tsame hannu ya ɗauki galma ya fito. A gidan su Ɗalha kuma, tun kakanni, ranar da mai take ya mutu an daina buga takensa ke nan, don ba sa kiran wanda ba zai amsa ba. A duk takunan nan babu mai daɗin na ɗansa Haliru. Son kai ne ƙarara, na sha gaya masa, shi kuwa sai ya yi dariya.

Shekara biyar da suka wuce wani Safwan, mai situdiyon waƙa a unguwar Jega Firchin, ya roƙe shi ya zo a ɗauki gangarsa. Ni na kai shi. Ɗaki ne ɗan ƙuƙut, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, ga zafi kamar gidan burodi. Ɗalha ya zaci irin kaset ɗin da ne, a yi kiɗa daga farko zuwa ƙarshe a ajiye. Nan ya yi kuskure, ni ma da nake ganin na fi shi wayewa ban gane ba.

Safwan ya sa shi ya yi bugu ɗaya ya tsaya. Ya sake, a hankali. Ya sake, a bakin fata. Can Safwan ya ce, "Baba, buga min wanda kaf fi so." Ɗalha ya gyara zama ya saki taken Haliru.

Sai Safwan ya nuna mana aikinsa. Ya yanyanka kiɗan a kwamfuta, ya raba wa maɓallan fiyano, kowane maɓalli da bugunsa. A fuskar kwamfutar akwai wasu akwatuna da yake haɗawa da wayoyi na zane. Wannan yana ƙara sauri, wancan yana siranta muryar ganga ta koma kamar kalangu, wani yana sa amo kamar a cikin rijiya. Akwai kuma wanda ke maimaita abu ba tsayawa, sai in an kashe shi. Ɗalha ya riƙe baki ya ce, "To ni mi za ni yi yanzu?" Muka yi dariya muka tafi.

Bara da rani kububuwa ta sari Haliru a gonar albasa wajen Aliero, ya cika a hanyar asibiti. Ɗalha ya yi abin da ya gada. Ya ci gaba da zuwa 'yar gayyar da ta rage, amma gular gangarsa ba ta sake bin ta kan wannan take ba.

Bayan wata huɗu, ranar kasuwar Jega, Kande matar Ɗalha, uwar Haliru, tana zaune gaban daddawarta, wani keke ya wuce da sifika tana ihu. Waƙar biki ce ta yara, muryar mace siririya, amma a ƙarƙashinta taken Haliru ne, an ƙara masa sauri, yana ta dawowa. Kande ta miƙe, faranti ya kife, ta shiga waige-waige a cikin mutane. Da ƙyar mata suka zaunar da ita. Waƙar kuwa ta karɓu, Allah wadaran karɓuwa. Tana wayar kowa, tana tasha, tana gidan kowane biki. Duk sanda ta tashi, Kande sai ta nufi ƙofa.

Na sake goya Ɗalha zuwa situdiyo, raina a ɓace, na shirya zagi. Ɗalha ya riga ni magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, wanga take mai shi ya rasu. Ka hidda shi. Uwatai ba ta da lahiya."

Idon Safwan ya kawo ruwa, zagina ya maƙale. A gabanmu ya goge komai, har ya nuna mana wurin ya zama wayam. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, nawa na goge. Amma waƙar ba ni niy yi ta ba. Gangar taka na tura ma abokan sana'a tun tuni, su ma sun tura ma wasu. Wallahi ban san ko hannu nawa take ba."

"To a bi su ɗai-ɗai."

"Ba su biyuwa, Baba."

Ɗalha ya daɗe yana kallon fiyanon. Bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Na goya shi muka koma gida. Muna isa ya sauke gangar daga jikin bango, ya kwance fatarta, ya kife kwangon a bayan rumbu. Har yau yana can, kaji na ƙwai a gefensa.

Kande ta daina zuwa kasuwa, amma kiɗa ba ya neman izini kafin ya tsallako katanga. Da farko Ɗalha yakan riƙo zanenta ya ce, "Zamna, Kande, waya ce." Juma'ar da ta wuce ina gyaran babur a ƙofarsu da hantsi, motar 'yan biki ta bi ta layinmu, taken yana tashi. Kande ta fito zaure da sauri tana gyara mayafi, tana leƙen hanyar gona. Na ɗaga kai in ga ko Ɗalha zai mai da ita ciki. Sai na gan shi tsaye a bayanta, ya dafa bango, shi ma hanyar yake kallo.