Katantanwar da ta koma bahaguwa

Har yau ban manta da wata Talata ba, ƙarfe tara da kwata na safe, a ofishin shugaban sashenmu na jami'a a Samaru. Mu uku ne: shi Farfesa, da Rifkatu, ɗalibar digiri na biyu, da ni, Iliya, mai kula da ɗakin ajiyar ƙananan halittu. A kan tebur akwai kwalba ɗaya, da hoto ɗaya, da takardar tuhuma mai ɗauke da sunana.

Bari in yi bayani saboda sababbin ma'aikata. Rifkatu tana nazarin wasu ƙananan katantanwa na tudu, waɗanda ba su fi ƙwayar dawa ba. Ana rarrabe danginsu bi da bi. Da farko ka riƙe ɓawon, tsininsa sama, bakinsa yana kallonka, ka ga ko bakin yana dama ko hagu. Sannan ka ƙirga zagayen ɓawon. Daga ƙarshe ka duba 'yan haƙoran da ke cikin bakin. Duk waɗanda muka tsinto a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a bakin rafin Kubanni na dama ne.

To, a hoton nan bakin yana hagu. Wadda ke cikin kwalba kuwa bakinta yana dama.

Farfesa ya ce, "Malam Iliya, yarinyar nan ta samo abin da ba mu da irinsa, ta ɗauki hotonsa, ta ba ka ajiya. Ina yake?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne a kwalba."

Ya ce, "Wato hoton ne ya yi ƙarya?"

Ya ba ni kwana biyu in amsa a rubuce. A watan ne kuma ake duba fayil domin ƙarin girma, mai tuhuma a fayil ba a ko kallon sunansa.

Na koma na sa ɓawon a madubin ƙara girma. Zagaye biyar, a hoto ma biyar. Haƙora uku, a hoto uku. Akwai ɗan ɓalli a leɓen bakin, a hoto ma ga shi, sai dai a ɗaya gefen. Katantanwa biyu ba sa ɓallewa wuri guda. Na tambayi Rifkatu inda aka wanke mata fim ɗin.

Ta ce, "Baba, a Sabon Gari ne, wajen Oga Sunday. Ya iya aiki, shi ya ɗauki bikin yayata."

Na ce, "Ɗauko fim ɗin, mu tafi."

Oga Sunday ya ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa, ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya yi dariya.

"Baba, in mutum ne, ina gane gaba da baya da aljihun riga ko agogo. Wannan abin naku ba shi da aljihu."

Na ce, "To me ya hana ka tambaya?"

Ya ce, "Ai ta wannan gefen ya fi kyau."

Ya kifa fim ɗin ne. Na tsaya a kansa ya sake bugawa daidai, katantanwa ta dawo dama.

Washegari ƙarfe takwas na ajiye hotuna biyu a gaban Farfesa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, a riƙa lura." Abin da na samu ke nan. Rifkatu ta yi kuka, domin ta riga ta rubuta babi guda a kan abin da babu shi. Takardar tuhuma kuwa sai da ta yi wata biyu kafin magatakarda ya cire ta daga fayil, lokacin kwamitin ƙarin girma ya riga ya zauna ya tashi. Ƙarin girmana sai shekara mai zuwa.

A aikin nan na lura manya sun fi yarda da takarda a kan abin da ke gabansu cikin kwalba. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda zai ɗauki hoton ɓawo, ya rubuta lambarsa a guntuwar takarda, ya ajiye a gefensa ta fito a hoton. In hoto ya zo, ku fara karanta lambar, ku ga ko ta fito a juye, kafin ku kira sunan kowa.