Masallacin da Na Shata a Bayan Rumbu

Ranar wata Laraba, a kakar da nake aji biyar na firamare, na tashi da niyyar zama waliyyiya. Ba wa'azi ne ya ratsa ni ba, taɓarya ce. A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Kunci, mu goma sha ɗaya ke cin tuwo, kuma ni kaɗai ce mace a cikin yaran, don haka surfen dawa ya zama gadona. Taɓaryar nan kuwa, na tabbata da ita aka rushe ganuwar wani gari a zamanin da. Amma na lura da abu ɗaya: duk faɗan Inna, ba ta kiran wanda ya ta da sallah.

A bayan rumbunan Baba akwai wani lungu da ko kaji sun raina shi. Na share, na kwashe kashin awaki, na yi sawu shida zuwa rafi ina ɗebo yashi a tsohuwar kwalla. Na jera duwatsu kamar yadda maza ke shata masallacin bakin gona, na fitar masa da 'yar kusurwa ta gabas, na jingina guntun zana don inuwa. Na ajiye buta mai yoyo, na sato buzun ragon layya, na rataye carbin da na haɗa da ƙwallayen magarya. Ƙanena Sadi ya taka wurin da takalmi, na faɗa masa ƙafar za ta shanye kafin Juma'a. Kwana biyu yana duba ta.

Daga nan, da zarar na ji Inna ta jawo turmi bayan La'asar, sai in yi alwala in shige in kabbara. Raka'a biyu, in sallame, in kasa kunne. Idan ban ji an fara daka ba, in ƙara biyu. Na yi nafilar da za ta ishi ƙauyenmu har a sam wa maƙwabta. Kwana tara Inna na surfe da kanta.

A rana ta goma Goggo Abu, yayar Baba, ta kawo mana ƙuli-ƙuli, ta leƙo ta gan ni a ruku'u. Ta jira na sallame, ta ce, "Malama, wace sallah ce wannan?" Na ce nafila. Ta ce, "Bayan La'asar? Ai ba a nafila yanzu sai rana ta faɗi, ko a Islamiyyar barci kike?" Daga gindin turmi Inna ta ce, "Na sani, Yaya. So nake in ga inda gwiwarta za ta kai ta." Na yi wuf na jawo carbi. Goggo ta ce zikiri da baki ake yi, hannu kuwa ga taɓarya can tana jiransa.

Na ɗauka shi ke nan, za a watsar da duwatsun. Washegari bayan Magariba na zagaya in naɗe buzuna, sai na tarar da Inna zaune a kansa, ta miƙe ƙafa, carbina a hannunta, idonta a rufe. A duk gidan ba ta da inda za ta zauna ba a ce "Inna, gishiri" ko "Inna, ya doke ni" ba. Ɗakinta ma da mu da buhunan gyaɗa take rabawa. Na koma na tsaya a bakin rumbu, duk wanda ya taho nemanta in ce tana sallah, alhali na san ta idar. Ni na tuƙa tuwo ranar. Ya yi gudaji kamar tsakuwa, haka aka ci.

Yanzu ina makarantar kwana a Kano. An rushe rumbunan, an gina wa yayana ɗakin bulo a wurin. Inna tana da sallaya mai laushi da aka yo mata tsaraba daga Makka, amma a tsakar ɗaki take shimfiɗa ta, jikoki na hawa bayanta tana sujada. Har yau ban samo mata wani lungun ba.