Abin da Hannuna Ya Taɓa a Cikin Auta

Ni na wanke gawar Auta. Da wannan zan fara, don duk abin da ya biyo baya daga hannun nan nawa na dama ya taso.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne ɗan fari, shi ne na ƙarshe, tsakaninmu duk mata ne suna gidajen mazansu. Ni ina Bodinga ina facin taya a bakin titi. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta, na iya karatu da rubutu daidai na kada a cuce ni, kuma duk da haka an cuce ni. Shi yana ƙauyenmu wajen Lambara, yana noman albasa, shi ke riƙe da Inna da matarsa da yara ƙanana.

Gwaiwa ce ta dame shi, irin ta masu ɗaukar buhu. Akwai wani ɗan asibitin kuɗi a Shagari, na wani mutum da kowa ke ce wa likita. Can aka yi masa aiki, aka sallame shi yana tafiya da ƙafarsa yana yi mini tsiya wai ni ma tumbina yana son wuƙa. Bai daɗe a gida ba cikinsa ya fara kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Muka mayar da shi. Likitan ya danna cikin da yatsa biyu, ya ce iska ce, a ba shi kunu mai ruwa-ruwa. Muka ba shi kunu. Da kunun a bakinsa ya cika.

Ni da Kawu, ƙanen Inna, muka shiga wanka. Duk wanda ya taɓa wankan gawa ya san ana bin cikin da hannu a hankali don abin da ya saura ya fita. Da na bi ta ƙasan ɗinkin sai na ji abu. Mai tauri, dogo, ya ɗan fi yatsa. Na sake bi. Ya goce. Ƙashi ba ya gocewa.

"Kawu, taɓa nan ka ji."

Ko kallon wurin bai yi ba. "Ruhwa mai asiri," in ji shi. "Rana na yi, mutane na jira."

Kafin azahar mun sa shi a ƙasa. Haka addini ya ce, haka muka yi, kuma ban ce mun yi kuskure ba. Sai dai mun rufe shi da abin da ke cikinsa.

Bayan sadakar bakwai na kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada kowa ya ce ni kaɗai na yi wannan tunani. Gari ne ya tunzura ni. A zaman makoki kowa da labarinsa a kan asibitin nan: wannan matarsa ta fito da ƙafa tana ja, wancan ɗansa allura ta ruɓar masa da cinya. Kowa ya ƙare da cewa, "Kai da ka yi boko, kada ka yarda." Aji biyu. Ranar nan ni ne ɗan boko.

Ranar da aka fara zama a kotun majistare ta Shagari, kamar ranar kasuwa. 'Yan kabu-kabu sun jera babura har bakin titi. Mutanen Kajiji sun zo, na Lambara sun zo, abokan sana'ata na Bodinga sun rufe rumfa sun zo. Ɗakin kotun bai ɗauki ko kwata ba, sauran suka manne a tagogi, na gaba yana ji yana miƙa wa na baya. Da likitan ya fito daga mota da lauyansa na Sakkwato, sai ihu: "Sai an ɗaure shi! Mahauci!" Wani ya jefa bawon rake ya sami lauyan a kafaɗa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ɗauka ina da mutane.

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya kira ni, na rantse, na faɗi abin da na sani. Kumburin, zazzaɓin, kunun. Sannan na faɗi wankan. Na faɗi yadda ɗinkin ya buɗe ta gefe, da launin abin da ke fita, da warin, da abin da ya goce a ƙarƙashin hannuna.

Ina cikin magana na lura tagogin sun yi shiru. Ba shirun tausayi ba. Sai muryar wani tsoho daga waje, a sarari: "Subhanallahi. Shina tona asirin gawa."

Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. A wurinmu mai wanka amana aka ba shi. Abin da ka gani a jikin mamaci da kai za a binne shi. Ni kuwa ga ni a tsaye ina zayyana cikin ƙanena gaban maza da mata da yara masu tallan gyaɗa.

Lauyan ya miƙe yana gyara baƙar rigarsa. Hausarsa irin ta rediyo.

"Malam, kai likita ne?"

"A'a."

"Mene ne aikinka?"

"Hwaci."

"Facin mutane?"

"Na taya."

Dariya ta tashi a tagogin. Mutanen da suka zo domina.

"To mai faci, abin da ka ce ka taɓa, ka gan shi da idonka?"

"Ban gani ba. Na ji shi."

"Almakashi ne? Ƙarfe ne? Hanji ne ya ƙulle? Ko jini ne ya daskare?"

"Ban sani ba. Amma ba da shi anka haihe shi ba."

"Ba ka sani ba. Na gode. Akwai takardar likitan da ya duba gawar kafin a rufe?"

Babu. Wa ya taɓa jin an ajiye gawa a ƙauyenmu ana jiran takarda?

Alƙalin mutum ne mai sanyin murya, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce magana ta tsaya a wuri ɗaya. Ko akwai abu a cikin mamacin ko babu, kuma hanyar sani ɗaya ce: a tono shi, likitan gwamnati daga Sakkwato ya duba. Ya ce yana da ikon ba da umarni, amma ba zai yi ta kan dangi ba. In koma gida mu yi shawara, in dawo masa da amsa a zama na gaba. In mun yarda, a tona. In ba mu yarda ba, ba shi da abin da zai riƙe likitan da shi.

Kafin ya rufe baki kalmar ta fita ta taga. Na ji ta tana tafiya a cikin taron kamar wuta a karan gero. Tono. Za a tono shi. Da na fito, hanya aka buɗe mini, amma ba ta girmamawa ba. Abokina da ya kawo ni a babur ya ce yana da uzuri. A motar haya na koma Bodinga, kuma duk hanya ana zancena ba a san ni ne a kujerar baya ba.

Daga ranar likitan ya fita daga bakin mutane, ni na shiga.

A teburin mai shayi ana kunna saƙonnin murya a waya. Wani da bai taɓa ganina ba yana rantsuwa cewa diyya nake nema, har ya san gidan da zan saya. Wani ya ce Turawa ne suka ba ni kwangilar sassan mutum. Wata mata tana kuka tana cewa yau an tona na wani, gobe na uban kowa. Masu kawo mini faci suka koma wurin yaron da ni na koya wa aiki. A masallaci, wanda ke gefena a sahu sai ya matsa kaɗan, ɗan kaɗan, daidai yadda zan gane.

Na je wurin limaminmu bayan la'asar na tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe, haramun ne ko ba haramun ba? Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce in lalura ta kai, don a tsayar da haƙƙin rai, malamai sun yi sauƙi. Na ce to ya faɗa a huɗuba. Ya ce, "Kai ma ka san garinku." Bai faɗa ba.

Da na je ƙauye na tarar samari sun kafa rumfa a bakin maƙabarta, da sanduna da gariyo. Cikinsu har da wanda allura ta ruɓar da cinyar ɗansa. Ya nuna ni da sanda. "Duk wanda ya kawo shebur nan, da shi za mu ruhe ramin."

Mutum ɗaya ce ta tsaya tare da ni, ita ma ba ta da bakin magana. Matar Auta, tana cikin takaba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, ta amsa ta bayan labule. Har na juya ta ce, "Yaya." Muryarta ƙasa-ƙasa. "In za a tona, a tona. Ɗiyan ga za su girma su tambaye ni mi ya kashe ubansu. Iska zan ce musu?"

Sai Inna.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata in tana magana. Haka muka tashi. Na same ta a inuwar rumbu tana tsinke ganyen albasar da Auta ya shuka bai ga girbinta ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Kai wanga. An ce za ka tone mini yaro."

"Inna, ba ni nic ce ba. Kotu tac ce."

"Kotu ta haihe shi?"

Na matso kusa da ita.

"Ranar da kunka kai shi ban bi ku ba, mata ba su zuwa. Amma na san inda yake. In na yi salla, can nika juya zuciyata, in ce shina kwance, ba mai taɓa shi. An yanka shi sau guda ya mutu. Yanzu kai za ka kai shi a sake yanka shi?"

"Inna, akwai abu cikinai. Da hannuna na ji. In munka yi shiru, gobe ɗan wani na."

Sai ta ɗago ta dube ni. Tsakiyar ido. Tun da nake ban taɓa ganin ƙwayar idonta haka ba.

"Ɗan wani uwatai ta tsare shi. Ni nawa nika tsarewa. In anka buɗe ramin ga da yardarka, ban yahe maka nonon da ka sha ba. Duniya da lahira."

Ta koma kan albasarta.

Zama na biyu taron ya fi na farko. Wannan karon har da motar 'yan sanda a ƙofa, kuma ba don likitan aka kawo ta ba. Babu mai ihun mahauci. Likitan ya shiga lafiya lau, har wasu na gaishe shi. Ni aka sa a tsakiya aka shigar. Kawu yana layin gaba ya harɗe hannu. Tagogi sun cika har haske ba ya shigowa.

Alƙali ya tambaya ko dangi sun yanke shawara.

Na miƙe. Wallahi har na miƙe ban san abin da zan faɗa ba. Na dubi hannuna na dama. Na tuna muryar nan ta bayan labule. Na tuna idon Inna.

"Ranka ya daɗe, uwata ba ta yarda ba."

"Kai ne mai ƙara. Kai fa?"

"Ni ba ni da wata uwa."

Ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce babu hujjar da za ta ɗauki tuhuma, ya sallami likitan.

Kabbara ta tashi a waje har rufin kwano yana amsawa. Da na fito aka yi ta rungumata. Mai sandan nan na maƙabarta ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa Allah ya yi mini albarka. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu ka zama ɗa." Abokina mai babur ya ce in hau, uzurinsa ya ƙare. Likitan ma ya zo ya miƙo hannu, ya ce Allah ya jiƙan mamaci, kowa da kwanansa. Na sa hannuna a aljihu. Wannan kaɗai na iya yi masa, kuma shi ma an ce ban kyauta ba.

Asibitin yana nan, har an yi masa sabon fenti. Matar Auta da ta fita takaba ta kwashe yaran ta koma gidansu. In mun haɗu a suna ko biki tana gaishe ni, gaisuwar da ake yi wa baƙo. Masu kawo faci sun dawo. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu zai tsuguna kusa da ni ina aiki, ya rage murya, ya fara ba ni labarin abin da aka yi wa ƙanwarsa a asibitin nan. Sai in tayar da injin iska. Yana da ƙara sosai.

Da damina ta zagayo na kai wa Inna gero. Muna zaune, ita tana kallon bango kamar kullum, ruwa yana ɗiga daga indararo. Mun gama zancen gona, mun gama na jikoki. Har na ɗauki hulata.

"Kai wanga."

"Na'am, Inna."

"Abin da kac ce ka taɓa cikin yaron nan." Ba ta juyo ba. "Mi ne?"

Na tsaya da hula a hannu. Akwai amsa mai daɗi da ɗa na gari zai bayar, na san ta. Ban iya ba.

"Ban sani ba, Inna. Shina can inda kic ce a bar shi."

Ta ɗora hannunta a kan cikinta, ƙasa da cibiya, tana bi a hankali.